Yadda ake tono tsofaffin shirye-shiryen hira na rediyo a saurare su da tsari

Shirin da ake gabatarwa sau ɗaya a mako na tsawon awa guda, in ya shekara 20 yana gudana, ya tara sama da awa 1,000. Ko kana sauraron awa biyu kullum ba fashi, sai ka kusa shekara ɗaya da rabi kafin ka kai ƙarshe. Shi ya sa mai cewa zai fara daga shiri na farko ya bi su ɗaya bayan ɗaya yakan gaji tun ba a je ko'ina ba. Akwai kuma matsalar da ta fi yawan awoyin girma: galibin tsofaffin shirye-shiryen da za ka samu ba su ɗauke da kwanan wata, wasu ma na ƙarya aka liƙa musu. Muryar da ba a san ranar da aka yi ta ba, ko ta wane ce, ba ta fi jita-jita daraja ba. Saboda haka rabin aikin da ke ƙasa na tabbatar da rana ne.

Da farko, ka san abin da ka je nema

Ka rubuta tambayarka a layi ɗaya kafin ka buɗe komai. Me masu bugo waya suke cewa kan wani zaɓe kafin a kaɗa ƙuri'a? Yaya salon mai gabatarwa ya sauya tsakanin shekarunsa na farko da na ƙarshe? Ko kuwa hira guda kake nema, wadda wani naka ya taɓa shiga? Ko kewar muryoyin da ka tashi da su ce kawai, wannan ma dalili ne, amma ka ɗaure shi da shekaru: daga kaza zuwa kaza.

Daga nan ka tattara tarihin shirin a taƙaice: tashar da ke watsa shi, shekarar da ya fara, ranar da yake zuwa a mako, ƙarfe nawa, da jerin waɗanda suka gabatar da shi. Ka lura ko ya taɓa sauya suna ko rana. Sanin shekarun tasha kaɗai yana kawar da ƙarya da yawa. Sashen Hausa na BBC ya fara a ranar 13 ga Maris, 1957, na Muryar Amurka a 1979, na Rediyon Faransa RFI kuma a 2007. Duk wanda ya miƙo maka sauti ya ce na RFI Hausa ne na 1995, ka san akwai gyara a maganarsa.

Sai neman sautin, daga gida zuwa waje

Ka fara da ita tashar: shafinta na intanet, manhajarta, shafinta na YouTube da Facebook, da jerin fodkas ɗinta. Abin da ka samu a nan shi ya fi inganci, don yawanci cikakke ne kuma da ranarsa. Wasu shirye-shiryen sun yi sa'a ƙwarai. Shirin In Our Time na BBC, wanda Melvyn Bragg ya fara a 1998, ya haura kashi 1,000 kuma ana samun su a intanet. Hirarrakin da Studs Terkel ya yi a tashar WFMT ta Chicago daga 1952 zuwa 1997 suna da shafi nasu na musamman. Amma irin waɗannan ƙalilan ne. Tashoshi da yawa suna barin shiri na ɗan lokaci ne su sauke shi, wasu kwana 30 kacal, kuma manhajojin fodkas sau da yawa na baya-bayan nan kawai suke nunawa. Don haka abin da ka gani yau, in tashar ta ba da damar saukewa, ka sauke shi yau.

Idan shafin tashar bai kai baya sosai ba, ka nufi Internet Archive, rumbun da Brewster Kahle ya kafa a 1996. Ƙofa biyu gare shi. Ta farko, archive.org, inda mutane ke ɗora sautukan da suka naɗa da kansu. Ta biyu, Wayback Machine, inda za ka sa tsohon adireshin shafin tashar ya nuna maka yadda shafin yake a ranaku daban-daban na shekarun baya. Kada ka sa rai da yawa a nan: sau tari shafin yana nan amma sautin bai biyo shi ba, ka latsa ka ji shiru. Duk da haka ba ka yi asara ba, domin ka samu taken shirin, ranarsa, wani lokaci har da sunayen baƙi. Ka kwafe sunan fayil ɗin da ke cikin mahaɗin, ka nema a Google, mai yiwuwa wani ya ajiye shi da wannan sunan. In ka ci karo da fayil mai ƙarewa da .ra ko .rm, na zamanin RealAudio ne da ya fito a 1995, kuma manhajar VLC, wadda kyauta ce, tana buɗe akasarinsu.

Wajen bincike, ka sa sunan shirin tsakanin alamun zance, ka kuma gwada rubutunsa ta hanyoyi da dama. Mai ɗora sauti ba ya bin ƙa'idar rubutu. Sunan shirin BBC Hausa na Ra'ayi Riga na iya zuwa a Raayi Riga, kuma duk sunan da ke da harafi mai lanƙwasa ka neme shi da lanƙwasar ka kuma neme shi babu ita. Ka haɗa da sunan mai gabatarwa da shekara, sannan ka cire su ka sake gwadawa.

Bayan intanet akwai manyan ma'ajiyu na ƙasashe: sashen sauti na British Library a Landan, cibiyar INA a Faransa, da American Archive of Public Broadcasting da ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya haɗa gwiwa da tashar GBH suke kula da shi. Ba komai suke sakewa a intanet ba, amma kundin jerin abin da suka mallaka yakan kasance a buɗe. Ga shirye-shiryen BBC na cikin Birtaniya akwai Programme Index, wanda ya ɗauko jadawalin mujallar Radio Times tun daga 1923. Ko babu sauti, zai gaya maka abin da aka tsara watsawa a wace rana.

In duk wannan bai kai ka ba, ka rubuta wa tashar. Kada ka ce a turo maka duk tsofaffin shirye-shirye, ba wanda zai amsa. Ka faɗi sunan shiri, wata da shekara, mai gabatarwa, batun da aka tattauna, da abin da za ka yi da shi, kuma ka nemi mai kula da ɗakin ajiyar faifai. Ka kuma shirya jin cewa babu. A zamanin tef, tashoshi da dama suna goge tsohon shiri su naɗi sabo a kansa saboda tsadar tef da ƙarancin wurin ajiya. Manya ma ba su tsira ba. Letter from America na Alistair Cooke ya gudana daga 1946 zuwa 2004, kashi 2,869, amma da yawa daga na farkon BBC ba ta ajiye su ba. Sama da 600 daga cikin waɗanda suka ɓace, a hannun wasu masu sauraro biyu aka same su, waɗanda suka riƙa naɗa a gidajensu. Wannan ya isa ya nuna maka inda za ka nufa a ƙarshe: tsofaffin ma'aikatan tashar, ƙungiyoyin masu sauraro, da dattawan da ba shirin da ke wuce su. Akwatin kaset ɗin da ke ƙarƙashin gadon wani yana iya zama shi kaɗai ya rage a duniya.

Idan kaset aka ba ka

Kafin komai ka ɓalle ƙananan haƙoran roba biyu da ke saman kaset ɗin, don ko an latsa maɓallin naɗa bisa kuskure ba zai goge ba. Ka duba zaren ta tagar tsakiya. In ka ga fari-fari na fumfuna, kada ka sa shi a na'ura, zai lalace ya kuma ɓata wasu. In lafiya yake, ka ɗaure zaren da biro in ya saki, ka tura shi gaba har ƙarshe ka dawo da shi. Ka goge kan na'urar da auduga da ɗan sifirit, ka gwada ta da kaset ɗin da ba ka damu da shi ba, kuma ka haɗa ta da lantarki, domin batir mai rauni yana jan murya ta yi nauyi.

Ka haɗa na'urar da kwamfuta da waya mai bakin milimita 3.5, ka buɗe manhajar naɗar sauti ta Audacity, ka daidaita ƙarfin sauti yadda ba zai taɓa jan layi ba, sannan ka naɗi fuska guda daga farko har ƙarshe ba tsayawa. Ka ajiye a matsayin WAV, wanda ke cin kusan megabait 10 a minti ɗaya. Wannan shi ne uwa, ba a taɓa shi. Daga jikinsa za ka fitar da MP3 na saurare. Don magana zalla, 64 kbps ya wadatar, awa guda bai kai megabait 30 ba. Rage ƙara da shuuu ɗin gajeren zango a kan kwafi ake yi, kuma kaɗan, don in aka matsa sai muryar ta koma ta ƙarfe. Ka ɗauki hoton kaset ɗin da takardar jikinsa, gaba da baya. Rubutun hannun da ke kai shaida ce.

Tabbatar da rana

A nan ne aikin yake. Ka fara da ƙin yarda da ranar da ka gani a YouTube ko Facebook, domin ranar da aka ɗora ce, ba ranar da aka watsa ba. Haka ranar da kwamfuta ke nunawa a jikin fayil: takan sauya in aka kwafa. Rubutun jikin kaset ma ka karɓe shi da taka tsantsan, don mutane suna naɗa sabon abu kan tsohon kaset ba su canza takarda ba.

Shaidar gaske tana cikin sautin. Ka saurari minti biyu na farko da biyu na ƙarshe da kyau, nan ne mai gabatarwa ke faɗin rana, wasu tashoshin har da ta Hijira. Sau da yawa za a faɗi rana da wata a bar shekara, don a lokacin kowa ya san ta. To ga dabara: haɗuwar ranar mako da kwanan wata ba ta dawowa sai bayan shekara 5, 6 ko 11. A ce mai gabatarwa ya ce yau Juma'a, 4 ga Yuni. Ka buɗe kalandar wayarka ka ja baya, za ka ga hakan ya faɗo a 1999, 2004, 2010 da 2021. Shekaru huɗu ke nan maimakon ashirin da wani abu. Can a tsakiyar shirin wani mai bugo waya ya yi tsokaci cewa mako mai zuwa za a fara gasar cin kofin duniya a Afirka ta Kudu. An buɗe wannan gasa ranar Juma'a, 11 ga Yuni, 2010. Magana ta ƙare: 4 ga Yuni, 2010.

In ba a faɗi rana ba sam, sai ka yi ta tsuke da'irar da ƙananan alamu. Wa ake kira shugaban ƙasa, wa ake kira tsohon shugaba, wa ake ce wa marigayi? Sunayen ƙasashe da ƙungiyoyi suna da shekarunsu. Mai cewa Tarayyar Sobiyet a matsayin ƙasa mai ci yana magana ne kafin ƙarshen 1991. Zayar ta koma Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango a 1997. Tarayyar Afirka ta maye gurbin ƙungiyar haɗin kan Afirka ta OAU a 2002. Sudan ta Kudu ta zama ƙasa ranar 9 ga Yuli, 2011. Sai dai ka yi hattara, baki ba ya saurin sabawa da sabon suna, musamman bakin masu kira. Sabon suna galibi yana nuna maka cewa shirin bai riga wannan shekara ba, tsohon suna kuwa alama ce kawai.

Hanyar da ake cewa masu sauraro su tuntuɓi shirin ita ma agogo ce. Akwai zamanin akwatin gidan waya kaɗai, sai tarho, sai saƙon tes da imel, sai Facebook, sai WhatsApp, wanda bai wanzu ba kafin 2009. Taken shiri, mitocin da ake sanarwa, da tallace-tallacen da aka saka a tsakiya duk suna canzawa, kuma da zarar ka tabbatar da ranar shiri uku ko huɗu, sai su zame maka ma'aunin sauran. Saboda wannan ne nake ganin yanke talla da kanun labarai daga tsohon sauti ɓarna ce. Abin da ya gundure mu a lokacin, shi ke ba da shaida yanzu.

Abu biyu ke yawan ruɗar mutane. Ɗaya maimaici: an naɗi shiri a wata shekara, an sake watsa shi bayan shekaru, musamman in baƙon ya rasu. Sai ka ji sabuwar gabatarwa a kan tsohuwar hira. Irin wannan rana biyu gare shi, ka rubuta duka. Na biyu agogo: tashoshin ƙasa da ƙasa da GMT suke aiki, shirin dare a wata ƙasa yana iya zama na washegari a wata.

Duk ranar da ka rubuta, ka nuna ƙarfinta: tabbas, kusan tabbas, ko hasashe. Ka kuma rubuta dalilin. Rubuta "tsakanin 2003 da 2006" ya fi ƙirƙiro rana guda don jadawali ya yi kyau.

Suna da jadawali

Ka sa wa kowane fayil suna da shekara a gaba, sai wata, sai rana, sai sunan shiri da batu: 2010-06-04, sannan sauran. Da haka kwamfuta za ta jera su da kanta bisa tarihi. Ka buɗe jadawali a Excel, ko ma littafin rubutu, mai gurbin rana, mai gabatarwa, baƙi, batu, tsawo, inda ka samo, da ko cikakke ne ko guntu. Ka ajiye kwafi uku a wurare daban, ɗaya ba a gida ɗaya da sauran ba. Katin memori na waya ba ma'ajiya ba ce.

Sauraren kansa

Yanzu ka zaɓi inda za ka shiga. Hanyar da na fi so ita ce ɗaukar shiri ɗaya daga kowace shekara, a mako iri ɗaya, misali makon farko na Maris. A cikin awoyi ƙalilan za ka ji shekaru suna wucewa a kunnenka: muryar mai gabatarwa tana nauyi, gaisuwa tana gajarta, wasiƙu suna ɓacewa, mata suna ƙaruwa ko raguwa cikin masu kira. Daga nan sai ka nutsa inda tambayarka take. In wani babban lamari kake bi, ka ɗauki shiri biyu kafinsa, na makon da ya faru, da biyu bayansa. Na kafin su suka fi daɗi, domin a nan ne za ka ji mutane suna magana ba su san abin da ke tafe ba. Shirin farko da na bankwana na kowane mai gabatarwa su ma sun cancanci kunne. Shirye-shiryen bikin cika shekaru kuwa suna da amfani wajen samun sunaye da tarihi, amma tashar ce ta zaɓi abin da take so a tuna da ita.

Ka saurari shiri gaba ɗayansa a karon farko, da saurinsa na asali. Ƙara sauri yana cinye ɗan shirun da baƙo ya yi kafin ya amsa tambaya mai nauyi, alhali wani lokaci shirun ya fi amsar faɗin gaskiya. Kana ji kana rubuta minti: 12:40 an tambayi baƙo kan kaza, 13:05 ya kauce, 27:10 layin mai kira ya katse. Maganar da za ka ambata a wani wuri, ka koma ka rubuta ta kalma da kalma. Manhajojin da ke mayar da murya rubutu, irin su Whisper, suna taimakawa da Turanci ko Faransanci mai tsabta, amma da Hausa, ga ƙarar layin tarho, ga mutum biyu suna magana lokaci guda, kurakuransu suna da yawa. Ka yi amfani da su don gano wuri a cikin sauti, kada ka ɗauko zance daga gare su ba ka ji da kunnenka ba.

Ka riƙa tuna cewa shirin hira ba ƙidayar ra'ayin jama'a ba ne. Waɗanda ka ji su ne masu tarho a lokacin, masu haƙurin jiran layi, waɗanda kuma furodusa ya ga dama ya saka. In mutum takwas cikin goma sun goyi bayan wani abu, abin da ka sani shi ne takwas cikin goman da aka saka sun goya. Adadin da baƙo ya faɗa da ƙarfin murya ma sai ka gwada shi da jaridun makon. Kuma ka yi wa mutanen adalci. Abu ne mai sauƙi ka yi dariyar masanin da ya yi hasashe ya faɗi ƙasa warwas, kai da ka riga ka ga ƙarshen labarin. Tambayar da ta fi amfani ita ce: da wane bayani ya yi magana a ranar, kuma akwai wanda ya ja da shi a cikin shirin?

Idan za ka raba wa wasu

Haƙƙin mallakar shirin na tashar ne, ko da kai ka naɗa da na'urarka. Saurare a gida da nazari daban, ɗora cikakkun shirye-shirye a shafinka daban, kuma na biyun yana buƙatar izini a rubuce. Inda tashar ta riga ta ɗora, ka tura mahaɗinta maimakon sake ɗorawa. In ka gano shirin da ita kanta ba ta da shi, ka miƙa mata kwafin WAV ɗin tare da hoton kaset.

Ka kuma duba masu kira. Manyan baƙi sun san da duniya suke magana, amma wanda ya bugo shekara 15 da suka wuce ya faɗi sunansa da unguwarsa da matsalar gidansa bai yi tunanin maganar za ta dawo tana yawo a wayoyi ba. Ka toshe lambobin waya da adireshin da aka karanta kafin ka fitar da komai. Guntun da za ka yanka ya haɗa da tambayar da aka yi da cikakkiyar amsar, ba rabin jimla ba. Rubutun da ke rakiyar saƙo yakan faɗi a hanya tun a turawa ta biyu, don haka ka naɗi muryarka ta daƙiƙa biyar a farkon guntun kana faɗin sunan shirin, tashar, da ranar da aka watsa shi, sannan ka sa ranar a sunan fayil ɗin ma.